Bazden 'Yar Fari

Kazaure, ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanwata Halima Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Alhaji Maikasuwa da autarki Bahijja da duk mutanen Babura. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar nan tawa da ke tashi duk sanda hadari ya haɗu. Maigidana Malam Sabiru yana gaishe ku. Ruwa ya sauka sosai, har duwatsun bayan gidanmu sun yi kore.

Za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. To, na gaji ne. In na kira, wayar maigidanki ce, ya buɗe murya kowa yana ji a tsakar gida. Ke kuma da na ambaci Muhsina sai ki ce "to, to, madalla," ki koma tambayata ko gero ya sauko a Kazaure. Shi ya sa na ba Ukasha direba wannan ya miƙa miki hannu da hannu. Ki nemi wuri ki zauna ki karanta ke kaɗai.

Zancen 'yarki ne. Muhsina ta gama jarrabawarta ta ƙarshe, kuma ƙarshen watan nan take cika shekara sha takwas. Tun ranar da kika yaye ta kika ɗora mini ita a cinya, ba ta taɓa roƙona wani abin a zo a gani ba. Yanzu ta roƙa. Tana son a yi mata bikin ranar haihuwa, abin da yaran yanzu suke ce wa bazde. Na san za ki taɓe baki, ni ma sai da na taɓe. Amma duk ƙawayenta an yi musu, ita kullum tana zuwa ta tafa wa wasu ta dawo gida.

Ba wani abin kece raini za mu yi ba. Ba ɗakin taro, ba mai kiɗa. A tsakar gida ne, bayan la'asar, ita da ƙawayenta 'yan kaɗan, mata zalla, don Malam ya ce in ya ga ƙafar saurayi a zaurensa an gama biki. Za mu shimfiɗa tabarmi, mu rataya tsofaffin atamfofina a jikin bango don ɗaukar hoto. Zoɓo da kunun aya ni zan yi. Maƙwabciyata Dinatu, matar Peter mai gyaran wuta, ita ce za ta gasa kek, a tukunyar yashi take yinsa amma sai ki rantse daga Kano aka sayo. Yaran za su yi wa juna lalle, su yi gasar ɗaurin ɗankwali, sannan kowa ya ba da labari ɗaya na ƙuruciyar mai bikin a yi dariya. Kin ga ba abin da zai karya mutum.

Abu ɗaya ne babu shi a Kazaure. Na ce mata ta zaɓi kyautar da take so, ina zaton za ta ce waya ko takalmi. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, ina son Innar Babura ta zo, ta tsaya kusa da ni a hoto." Ke take nufi. Shi ke nan abin da ta nema.

Sa'a, na san 'yar fari ce, na san kunyarta. Amma ki duba. Ina jiran amsarki ta hannun Ukasha.

Yayarki,
Mas'uda.

*

Babura, ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Mas'uda,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode. Muna lafiya. Ƙafar nan ki riƙa shafa mata man kaɗanya da ɗumi, ki daina tsayuwa kan siminti da sanyin safiya, na san halinki ba kya ji. Maigida ya tsallaka kasuwar Magarya neman wake, yana ta ƙorafin canjin kuɗin sefa ya hau. Bahijja ta yi ɗan zazzaɓi amma ta miƙe.

Na karanta zancen bazde na yi dariya har Bahijja ta leƙo ɗaki ta ga ko lafiya. Mu da muka tashi a Gwiwa a ɗakin goggonmu Inno, wa ya san ranar haihuwarsa? In kin tambaye ta sai ta ce shekarar da fari suka cinye gero. Yanzu kuma har da kunna wa mutum kyandir don ya ƙara tsufa. Allah ya kyauta. Amma tun da Malam ya yarda, ni wace ce?

Game da zuwana da tsayawa a hoto, Yaya, ai kin san amsa tun kafin ki tambaya. Yarinyar nan taki ce. Ni ina ruwana da ita? Ranar da na miƙa miki ita na gama nawa. Uwar da za ta tsaya a hoto tana nan Kazaure, ba sai an ɗauko wata daga Babura ba. Ku yi shagalinku, Allah ya sa albarka.

Ga saƙo nan wajen Ukasha. Akwai ƙwan zabi a ƙwarya, na jera su cikin ƙaiƙayi don kada hanya ta fasa su. Yanzu lokacinsu ne, ki ce wa Dinatu kada ta sayi na kajin gona. Akwai man gyaɗa, ni na matse shi da hannuna. Akwai lalle a ƙullin leda, na gidanmu ne, na daka na tankaɗe sau biyu, ya fi na kasuwa kamu. Dublan kuma sai an kusa zan yi, don kada ya yi sanyi.

Zoɓon nan kada a cika masa ƙanƙara. Akwai masu tarin damina a gidan nan naki, kin san su.

Tun da kin ce ana ba da labari a wurin, ga wani in kina so. Ranar Alhamis ce da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Motar da za ta kai mu asibiti ta kafe a taɓo, sai a ɗakin surukata aka haihu. Da aka fito da jaririyar ba ta yi kuka ba, sai ta buɗe ido tana kallon kowa ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga waɗanda suka zo. Ki ba da shi a bakinki, kada ki ce daga wajena ya fito. Ba don komai na faɗa ba.

Ki gaida Malam da duk mutanen gida.

Ƙanwarki,
Halima Sa'adiyya.

*

Kazaure, ranar Alhamis.

Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, Allah ya ƙara wa Bahijja sauƙi. Saƙo ya iso, ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Kin ji ni shiru fiye da mako, ba lafiya ce ta sa ba.

Ranar da Ukasha ya kawo takardarki tabarauna yana wajen gyara, ƙafarsa ta karye. Muhsina kuwa tun safe take leƙen zaure don ta san ranar amsa ce. Sai na miƙa mata na ce ta karanta mini. Ta fara da murna, har ta yi dariya a zancen kyandir. Da ta zo inda kika ce ina ruwanki da ita, sai ta dakata. Na ce ta kawo, ta ƙi. Ta karanta har ƙarshe kamar mai karanta sanarwa a rediyo, ta ninke, ta ajiye mini a cinya, ta ce, "Mama, a fasa kawai." Ta shige ɗaki. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Na bi ta na ce ta dubi ƙwai, ta dubi lalle, ta dubi zancen tari. Na ce wa ke tuna tarin wanda ba ruwansa da shi? Ta ce, "Mama, ni ban roƙi ƙwai ba."

Kwanakin nan tana yin aikinta, tana gaishe mu, amma fuskar a rufe take. Ƙawarta Marvellous, 'yar Dinatu, ta zo da balan-balan da suka haɗa kuɗi suka saya, ta ce mata ta mayar. Ni kuwa ga ƙwai a ƙwarya ina kallonsu, ban san ko in soya wa Malam ba.

Sa'a, zan gaya miki gaskiya ko za ki ji haushi. Zamanin ya wuce inda kika tsaya. Yarinyar nan a birni ta tashi. Tana ganin uwayen ƙawayenta suna rungume su a gaban mutane, suna kiran sunansu har unguwa ta ji. Ita kuwa tata uwar in ta zo da Sallah za ta gaida kowa har akuyar gida, ta tsallake ta. Takarda shafi biyu kika rubuto, sunanta bai fito ko sau ɗaya ba. "Yarinyar nan." "Masu tari." Me kike so ta ɗauka?

Ki rubuto mata layi biyu da hannunki, ki sa sunanta a sama. Ba wanda zai gani sai ita. In ba haka ba, ni dai na wanke hannuna daga wannan biki.

Mas'uda.

*

Babura, ranar Asabar.

Yaya,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ban da ni, tun da na karanta takardarki abinci ya ƙi shiga.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ke babba ce, amma yau sai na faɗa. Tabarau ya karye, to Malam Sabiru ba ya karatu ne? Dinatu ba ta karatu? Ba za ki iya jira zuwa gobe ba? Ke da kanki kika ce in karanta taki ni kaɗai, sannan tawa kika miƙa wa wadda bai kamata ta gani ba. Kuma kin san abin da ke ciki tun kafin a buɗe. Kowace uwa aka tambaye ta 'yar farinta a gaban mai riƙo, abin da za ta ce ke nan. Da na rubuto miki "eh, 'yata ce, ina nan tafe in tsaya a hoto," da ke ce ta farko da za ki ce Sa'a ta zo ƙwace.

Don ke na faɗi maganar nan, Yaya. Kara na yi miki. Shekara sha shida ina cije baki don kada ki taɓa jin cewa aro aka ba ki. In na zo gidanki ina jin muryarta a bayana, wuyana har ciwo yake don son in waiga, ba na waigawa. In na dawo Babura sai in tsare Bahijja da tambaya: me yayarki ta sa, ta rame ko ta yi ƙiba, me ta ce? Da bakin ƙaramar yarinya nake ganin 'yar da na haifa.

Ni da ke ɗaki ɗaya muka tashi. Kin ga yadda Inno take yi da babban ɗanta, ko ƙwaryar da ya sha ruwa ba ta ɗauka a gaban mutane, kuma duk Gwiwa an san ba ta da kamarsa. Mu ba wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani, mun gani mun gane. Ke kin koya wa yarinyar nan boko, kin koya mata girki, kin koya mata bazde. Abu ɗaya da zai sa ta san uwarta ba ta yar da ita ba, shi ne kika bari. Ban ce da gangan ba ne. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Layi biyun da kika ce, na gwada. Na ɗauki biro na zauna har aka kira azahar. Hannuna ya ƙi. Ki kira shi ƙauyanci in kin ga dama, haka aka gina ni.

Amma ki gaya mata kada a fasa. Zan zo. Na gaya wa maigida, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Zan zo da dublan, zan tsaya inda aka ce in tsaya. Ki faɗa mata haka, da bakinki, kada ki sake miƙa mata takardata.

Halima Sa'adiyya.

*

Kazaure, ranar Talata.

Sa'adiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya sa ku ma haka.

Na karanta, da tabarau a idona, ni kaɗai. Na gode da sakayya. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na kwana asibiti da tarin da kike tunawa daga nesa, ni na bi layi a makaranta rana tana dukana. Yau ni ce mai ɓoye wa 'ya uwarta. Allah ya hana ni haihuwa, ban yi zaton za a wayi gari ke ce za ki tuna mini ba.

Kin ce ban gaya mata ba. Na gaya mata har bakina ya gaji. Tun tana firamare take tambayata me ta yi wa Innar Babura. Nakan ce kunya ce, so ne ya yi yawa. Sai ta ce, "To Mama, in so ya yi yawa sai a daina kallon mutum?" Ke ki ba ni amsar da zan ba ta. Yaro ba ya ƙoshi da bayani, Sa'a. Kuma karar da kika ce kin yi mini, ban roƙe ki ba. Da kin tambaye ni, da na ce ki rage.

Mu bar wannan, ba ranarsa ba ce. Na gaya mata za ki zo. Da yamma sai na ji ta tana aika a kira Marvellous ta dawo da balan-balan. Jiya sun wuni suna yanka takardu masu launi suna liƙawa a zare. Na yanko atamfa turmi ɗaya na raba uku, ni da ke da ita, taki tana wajen tela da awon tsohuwar rigarki da kika manta a nan.

Asabar ce, bayan la'asar. Malam ya ce don kada unguwa ta yi da mu, a kira shi walima, a gayyato manya su sa albarka kafin yara su fara wasansu. Na ce to.

Ki saurara da kyau, don ba a fafe gora ranar tafiya. In an yanka kek, akwai inda ake kiran uwa ta ɗebo a cokali ta ba mai biki a baki, a ɗauki hoto. Muhsina ta ce ke za a kira. Na yarda, ko da yake ba zan ce miki bai taɓa ni ba. Ba magana za ki yi ba, ba sunanta za ki kira ba. Cokali ne kawai, ki ɗauka ki miƙa.

Ga 'yar takarda nan ta ce in haɗa. Ban buɗe ba.

Mas'uda.

*

Umma,

Assalamu alaikum. Ina wuni? Ina fatan kina lafiya, da Baba da Bahijja.

Ban taɓa kiranki da wannan sunan ba, a takarda na ga zan iya. Mama ta ce za ki zo. Na gode. Na gode da lalle, na gwada a yatsa ɗaya ya kama sosai. Labarin ranar ruwan nan na karanta shi da idona, na san daga wajenki ya fito. Ashe ina kallon mutane tun ranar. Ina jin ke nake nema.

Ba sai kin amsa ba. Ki zo kawai.

'Yarki,
Muhsina.

*

Babura, ranar Litinin.

Yaya Mas'uda,

Salamu alaikum. Mun iso gida lafiya. Ina fatan kun huce gajiya. Ki yi wa Dinatu godiya, kek ɗinta ya yi kyau, duk da ban iya ci ba.

Na tafi ban yi miki sallama ba, shi ya sa na rubuto.

Kin ce za a gayyato manya. Na ɗauka maƙwabta ne, da matar liman. Ba ki ce mini an aika mota Gwiwa an ɗauko Inno ba. Ba ki ce yayyen maigidana mata za su taso daga Roni su biyu ba. Ina shiga da ƙwaryar dublan a kaina na gan su jere a kan tabarma. Waɗannan su ne suka yi mini wankan jego. Su ne suka zauna a ɗaki suna kallon ko zan ɗauki jaririyar a gabansu, da ban ɗauka ba suka ce Maikasuwa ya yi dacen mata.

Duk da haka na sa atamfar. Kin gani. Na zauna ina kallon yaran suna gasar ɗankwali, na ji kin ba da labarin ruwa ana dariya. Na ga ta fito daga ɗaki da lallen nan a hannunta, ta yi tsawo, tafiyarta irin ta mahaifiyarmu ce sak. Duk wannan da gefen ido na gani. Tun daga Babura nake ce wa kaina cokali ne kawai, cokali ne kawai.

Da yarinyar Dinatu ta ɗaga murya ta ce, "Umman Muhsina ta fito," na tashi. Allah shi ne shaidata na tashi, na taka har gaban tebur. Aka sa mini cokali a hannu. Sai na ji Inno ta yi gyaran murya a bayana. Gyaran murya kawai. Yaya, ban san lokacin da na ja mayafi na rufe fuska ba. Ban san lokacin da na juya na miƙa miki cokalin na ce, "Ku ba uwarta" ba. Bakina ne ya faɗa, kamar yadda ƙafa ke bin hanyar rijiya ko mutum bai yi niyya ba.

Sai matan Roni suka rangaɗa guɗa. Inno ta ce, "Yawwa, 'yar halak, haka muka san ki." Suna ta sa mini albarka, suna cewa a zamanin nan samun mai kunya irina sai an tona. Ni kuwa ta cikin mayafi ina ganin yarinyar nan ta buɗe baki kin ba ta, ta yi murmushi wa mai ɗaukar hoto, ta haɗiye. Ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin na ranar ba.

Ba zan ce ke kika shirya ba, na gaji da zargi. Amma kin san ni, kin san su, kin haɗa mu tsakar gida ɗaya, kin ce in yi abin da ban taɓa yi ba ko a ɗaki ni kaɗai. Kuma da na miƙo cokalin, hannunki bai yi jinkirin karɓa ba.

Takardar da ta rubuto mini tana cikin ɗan tofina, da ita na zo, da ita na koma. Na yi niyyar in an watse in same ta a ɗaki, ko hannunta ne in riƙe. Da na leƙa na tarar ƙawaye sun kewaye ta, ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa, Inna, an gode," kamar yadda ake ce wa baƙuwar da ta kawo gudummawa. Sai na ja Bahijja muka nufi tasha.

Ki gaya mini, ta ci abinci?

Halima Sa'adiyya.

*

Kazaure, ranar Juma'a.

Zuwa ga Innar Babura,

Assalamu alaikum. Ina wuni? Ina fatan kun koma lafiya, ya gajiyar hanya? A gaida Baba. Mama tana gaishe ki, ƙafarta ce ta tashi tun ranar biki, ta ce ni in amsa miki. Ba ta ba ni takardarki ba, ta dai ce kin tambaya ko na ci abinci. Na ci.

Mun gode da dublan, ƙawayena sun ce ba su taɓa cin irinsa ba. Biki ya yi kyau, kowa yana yabawa. Ga hoto ɗaya nan na sa a wanke miki. Kina ciki, daga gefe, sai dai fuskar ba ta fito ba.

Kada ki damu, ba fushi nake yi ba. An yi mini bayani. Mama ta yi, Malam ya yi, Anti Dinatu ma ta ce su a garinsu akwai irin haka. Inno ta kwana biyu a nan kafin a mayar da ita Gwiwa, ita ma ta zaunar da ni. Ta ce in gode wa Allah da ya ba ni uwa mai kunya. Na tambaye ta yaushe kunyar take ƙarewa, ko in na yi aure, ko in na haihu. Ta yi dariya ta ce ba ta ƙarewa. Ta ce ita ranar da aka fito da gawar babban ɗanta ko kai ba ta ɗaga ba, kuma har yau ana ba da misali da ita a Gwiwa. To, na gane. Da ina zaton akwai ranar da nake jira.

Abu ɗaya kawai zan faɗa, daga shi ba zan ƙara ba. Bayan an yanka kek, kowa yana ci, na waiga ina nemanki. Na gan ki a bakin madafa kin durƙusa gaban Bahijja. Ta shafa kek a kumatu, kina goge mata da bakin mayafinki, kina gyara mata ɗankwali, kina cewa, "Bahijja, Bahijja, ke dai ba kya girma." Kina dariya. Ban taɓa jin dariyarki kusa haka ba. Duk shekarun nan na ɗauka haka Allah ya yi ki, ba ki iya ba ne. Ashe kin iya.

Sakamako ya fito, na samu gurbin karatu a Dutse. In an buɗe Mama da Malam za su raka ni. Kada ki wahalar da kanki da zuwa sallama, hanya ba kyau da damina. Sunan da na kira ki da shi a waccan takardar kuma, ki yafe mini, rashin sani ne. Ba zan sake ba.

A shafa mini kan Bahijja.

Muhsina.